Na Uku Yana Wurinsa

Lipniki, 14 ga Nuwamba, 2010

Zuwa ga Taisiya Kuzminichna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ne Ignat Fomich, mai nuna hanya a jirgin saman yaƙin su Miron mijinki, kuma ni ne mijin Nina da kuke shanya a igiya ɗaya a gidajen bariki. Nina ta rasu shekara shida ke nan. Adireshinki na samo a wajen 'yar tsohon likitanmu.

Bayan gaisuwa, labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne. Miron ya rasu cikin watan Satumba a Minsk, a ɗakin kwanan ma'aikata inda yake zaune tun da ya kama gadin wata ma'ajiyar katako. Zuciya ce, in ji likita. Sun ce bai sha wahala ba, ni dai abin da aka gaya mini nake gaya miki.

Ga yadda na sani. Kunnena ya mutu tuntuni, injuna sun cinye shi, ba na iya waya da kowa. Amma sau ɗaya a shekara, ranar da Kwamanda Yefim ya mutu, nakan zauna in ɗora hannuna a kan wayar don in ji motsinta. Miron ya kira, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce, "Na uku yana wurinsa," kamar yadda muke faɗa idan an ja kujerunmu sama cikin jirgi kafin a tashi. Ni kuma in ce, "Na biyu yana wurinsa." Sai mu yi shiru kaɗan, mu bar wa kwamanda nasa layin, sannan ya ajiye. Ko yana cikin maye bai taɓa fashi ba. Bana hannuna na kan wayar tun safe har rana ta faɗi.

Na shiga jirgin ƙasa na je. Da yake babu wanda ya zo nemansa, sun riga sun ƙone gawar. Suka miƙo mini tokar a wani ɗan tulu na ƙarfe, na rungumo shi har gida. Yanzu yana kan kabad ɗina kusa da rediyo, wanda nake ganin ya dace da mai aikin rediyo.

Ga abin da nake roƙo. Kin san layin matuƙa a maƙabarta, inda ake kwantar da mutanen jirgi uku-uku. Da muka binne Yefim shi kaɗai, an bar wurin mutum biyu a gefensa. Ofishin maƙabarta sun ce ba a buɗe wurin sai dangi sun sa hannu, aboki ba dangi ba ne. Da na bincika sai na tarar ba ku taɓa kashe aurenku a takarda ba. Har yau ke ce matarsa.

Ƙasa ta daskare, ba a haƙa sai bazara. Ina so a yi kafin Radunitsa, ranar tuna matattu, don idan mutane suka fito ziyarar kaburbura su same shi a can. Ba na son in matsa miki, amma likita ya saurari ƙirjina kwanan baya, abin da ya ji bai yi masa daɗi ba. Idan na riga bazara tafiya, waɗanda za su zo kwashe ɗakin nan ba su san ko wane ne a cikin tulun ba.

Ki huta lafiya.

Mai girmama ki,
Ignat Fomich

*

Kineshma, 9 ga Disamba

Ignat,

Na gaishe ka, Allah ya jiƙan Nina. Tuna ka kuwa, ai dole. Kai ne mai gyara wa mutane magana a layin sayen burodi. Na ga har yanzu kana rubutu kamar mai kai rahoto wa janar.

A tsaye na fara karanta takardarka, a zaune na ƙarasa. Kwana biyu ban ɗora tukunya ba. Wannan tsakanina da Allah ne, ba don ka ji tausayina na faɗa ba.

Ba zan sa hannu ba.

Ku kuna ce wa jirgin nan Basilla saboda dogon hancinsa, kuna faɗa kuna murmushi kamar sunan budurwa. Ka san abin da mu mata muke ce masa? Maci-mutane. Idan kun tashi, kowace tana bakin taga tana ƙirga ƙarar masu dawowa. Layin nan na maƙabarta da kake magana a kai, a gabana aka cika shi.

Kuma ka gaya mini, wane mai hankali ne ya ƙera jirgin da ake sanyaya cikinsa da barasa? Ganga guda ta barasa da ruwa, a tashi da ita, a dawo a tsiyaye saura a raba. Barikin nan kaf wari yake yi. Da ita ake sayen nama, da ita ake gyara famfo, da ita ake samo wa yaro takalmin sanyi. Waɗanda jirgin bai ci a sama ba ya ci su a kicin, a hankali, a gaban 'ya'yansu. Miron yana cikinsu.

Jirginku ya karɓe mini shi da ransa. Ba zan ba shi tokarsa ba kuma.

Wataƙila ba ka ji ba, ɗana Styopa ya rasu. Ciwon ƙoda, bai kai arba'in ba. Yana nan a kan tudu, ana hango kogi daga wurin. Akwai fili a gefensa na mutum biyu, ni ma na iya barin wuri, ba ku kaɗai ba. Yaron nan ya girma ba uba. Ko yanzu ne a ba shi.

Ka nemo hanyar da za ka aiko mini da shi. Zancen me ya sa ban kashe auren ba kuwa, ba ruwanka.

Ka riƙa sa hula, ka san ƙirjinka.

Taisiya

*

Lipniki, 11 ga Janairu, 2011

Taisiya Kuzminichna,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar Styopa. Ban ji ba. Ina tuna shi da gajeren wando, yana bin mu a baya yana roƙon in ba shi tsohuwar taswira ya yi jirgin takarda. Na rufe takardarki na daɗe ina kallon dusar ƙanƙara.

Duk abin da kika faɗa game da jirgin gaskiya ne, har ma kin rage. Matuƙi ɗaya ne tak a jirgin da ya kamata a ce biyu ne. Wajen sauka gudunsa ya yi yawa, hancin ya tare wa matuƙi hanya, sai ya yi ta leƙe ta gefe kamar mai neman maƙwabci ta kan katanga. In ya ɗaga hancin fiye da kima, gindin ya bugi ƙasa. In mun daɗe muna gudu a sama, jikin ya yi zafi har ƙarafan da ke juya shi su soma gardama da hannun matuƙi. Kujerun tsira kuwa ƙasa suke harba mutum, ba sama ba. Ta ƙasan ciki ake jan mu a shiga, ta nan ake fita. Miron yakan ce an rataye mu kamar busasshen kifi. Idan ba a kai mita ɗari uku da hamsin ba, babu fita, don lema ba za ta buɗe ba. To a tashi da sauka ne jirgi ke lalacewa.

Amma ki bar ni in faɗi ɗaya. Ranar da muka fara wuce gudun sauti, allurar ma'aunin gudu ta yi rawa kaɗan, sai komai ya lafa. Ƙarar ta koma bayanmu. Sama ta yi duhu-duhu da rana tsaka, ƙasar nan tamu duka ta wuce ƙarƙashina kafin in gama ja mata layi da fensir. Yefim ya ce, "Ignat, ina muke?" Na ce, "Inda na ce muke ɗazu, kwamanda, mun wuce shi." Ina da shekara ashirin da tara. Ba zan yi miki ƙarya in ce na tsane shi ba.

Akwai abin da nake jin Miron bai gaya miki ba, don ko ni sau ɗaya muka taɓa zancen. Ba laifin kowa ba ne, amma ya kamata ki sani kafin ki yanke.

Ranar da Yefim ya mutu, da safe, muna barin ƙasa inji ɗaya ya mutu, ɗayan ya soma tari. A cikin jirgin ba ma ganin juna, kowa yana raminsa, murya kawai. Yefim ya ce, "Ignat, karanto mini tsayi." Na ce ɗari biyu. Ya ce, "Ku zauna, 'yan haya, ban kai ku hawan da kuka biya ba." Sai ya ja hancin sama. Duk gudun da ya rage mana shi yake kashewa yana sayen tsayi, kuma ya san in ya ƙare jirgin zai faɗo kamar murhu. Ina karantawa, yana ja. Da muka kai, ya ce, "Na uku, fita."

Doka ita ce na uku ya fita, sai na biyu, sai kwamanda. Miron bai fita nan take ba. Ya ce, "Kwamanda, ku fa?"

Yefim ya ce, "Fita, Miron, kana cinye mini mitoci."

Ya fita. Na fita. Kafin layi ya zo kan Yefim jirgin ya riga ya nutso ƙasa da inda kujera ke da amfani. Sauran kin sani, kina bakin taga.

Miron ya ɗauka tambayar nan tasa ce ta cinye lokacin kwamanda. Na zauna na yi lissafin sau da yawa, da gudun da nauyin da komai. Ko bai buɗe baki ba, Yefim ba zai samu ba. Na kai wa Miron takardar har asibiti, lokacin da yake kwance da ciwon baya. Ya duba ya ce, "Ignat, lissafinka bai taɓa kai mu gida a kan lokaci ba." Ya juya ya fuskanci bango.

Shi ya sa nake ganin wurinsa yana gefen Yefim. Ban ce na fi ki gaskiya ba.

A gaishe mini da kogin.

Mai girmama ki,
Ignat Fomich

*

Kineshma, 6 ga Fabrairu

Ignat,

Ina fatan kana da sauƙi. Rubutunka ya fara karkacewa, na lura.

Da ma ba ka rubuto mini wannan ba. A'a, gara da ka rubuto. Ban sani ba.

Bari in gaya maka ranar da na tafi. Nina ta taya ni ɗaure kaya amma ko ita ban gaya mata dalili ba. Bayan an sallame shi daga tashi, yakan zauna a kicin da kofinsa, can sai ya ɗaga kofin ya ce, "Ku fa?" Shekara shida ina jin wannan. Na ɗauka ni yake wa tayi, don ya san na tsani abin. In ce, "Sha kayanka, mu mun ƙoshi." Ran nan Styopa yana zaune a teburin yana aikin makaranta, shekararsa goma. Miron ya ɗaga kofi saitin yaron ya ce, "Ku fa?" Na ce yau kuma har da ɗana. Na kwaɗa masa tawul a fuska, washegari muka hau jirgin ƙasa.

Bai ce mini komai ba, Ignat. Ya ɗauko mana akwati har tasha. Ya gyara wa yaron maɓallin wuya. Shekara talatin ina gaya wa kaina na tsirar da ɗana daga uban da ke miƙa masa barasa, kuma haka na gaya wa Styopa, da wannan ya mutu.

Ku mazan nan da shirunku. Kalma biyu. Da wani cikinku ya hau bene hawa ɗaya ya gaya mini.

Kada ka ɗauka na sauko. Yanzu ma na fi son a kawo shi. Ina da abin da zan gaya musu su biyu, kuma ina so su ji tare. Yefim ya riƙe shi shekara talatin da shida, ya isa.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka amsa mini kamar rahoto. Shi Miron da bakinsa ya taɓa cewa a kai shi can? Ko kai ne kake so?

Taisiya

*

Lipniki, 20 ga Maris

Taisiya Kuzminichna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gafarce ni da jinkiri, na kwanta ne, kuma tambayarki ta fi ciwon nauyi.

Bai taɓa faɗa ba. Sau ɗaya na tambaye shi, shekarun baya da ya zo muka share kabarin tare. Na nuna masa filin na ce, "Dama ko hagu?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai da son tsara hanya. Duk inda aka ja kujerar, nan zan zauna." Ya ci gaba da cire ciyawa. Iyakar abin da ya ce ke nan, ba zan ƙara masa gishiri ba.

Ban san zancen kicin ba. Mu a lokacin an hana mu faɗin abin da aka yi a cikin jirgi, ko ga matanmu, daga baya kuma hanin ya zame mana hali. Nina ma ta tafi ba ta sani ba.

Ni ne nake so. Tun da tulun nan ya shigo ɗakin nake ce masa ina kwana. Ina dafa dankali in gaya masa tsadar man girki. Kafin ya zo, sai in yi mako ban ji muryata ba. Da na ce a kai shi gefen Yefim, ina jin abin da nake nufi shi ne kada in je can in tarar da wuri ɗaya babu kowa, a ce na biyu, a ce na uku, a ji shiru. Wannan buƙatar tsoho ce, ba hujja ba ce. Yaron ya fi ni haƙƙi a kansa.

Ki zo ki ɗauke shi. Ba zan sa shi a gidan waya kamar kwalin takalmi ba, kuma ƙafata ba za ta kai ni Kineshma ba. Ranar Litinin za su kwantar da ni a asibitin gunduma, sun ce ruwa ne a huhu, ba su faɗi ranar fita ba. Mabuɗi yana wajen Zosya, maƙwabciyata ta ƙofar hagu. Tana da surutu amma tana da amana. Na gaya mata kowa ya zo kada ta ba shi tulun sai ke. Na nannaɗe shi da mayafin wuyan Nina saboda hanya.

Idan kin kai shi, ki gaya wa Styopa taswirar da na ba shi ran nan ba tsohuwa ba ce, an yi mini faɗa a kanta.

Barikin ba kamar yadda kika bar shi ba. An yanka jiragen tuntuni, ciyawa ta fasa titin tashi, awaki ke kiwo a kai. Motar haya tana tsayawa a ƙofar maƙabarta yanzu, daga nan za ki hau ta komawa tasha.

Na gode da kika amsa mini takarduna. Na ji daɗin samun wanda zan yi gardama da shi.

Ki huta lafiya.

Naki,
Ignat

*

Lipniki, 6 ga Mayu

Ignat, tsohon kurma,

Na zo asibiti kana barci, sun ce kada a tashe ka, shi ya sa na bar wannan wajen nas.

Na iso ranar Radunitsa. Zosya ta ba ni tulun, ta haɗa mini da labarin duk wanda ya mutu a benen. Na sa shi a jakar cefane na je jiran mota. Motar ba ta zo ba, maƙabarta cike da mutane, kowa ya shimfiɗa tawul a kan kabarin mamacinsa yana ɓare ƙwai. Na ce bari in shiga in gaya wa Yefim abin da ke raina.

Na zauna a bencinku, na ajiye jakar a gefena. Na shirya masifa tun daga Kineshma. Da na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ku fa?" Sai na yi kukan da ban yi ba ranar tasha.

Mutum ya shekara talatin da shida yana tambaya ɗaya. Na ga gara a kai shi inda mai amsar yake.

Na sa hannu washegari. Jiya aka binne shi, a dama. Na ɗebi ƙasar wurin a mayafin Nina zan kai wa Styopa, ni zan yi masa bayani da kaina.

Na auna filin da ƙafata. In ba a yi almubazzaranci ba zai ɗauki huɗu. Jirginku ne ke ɗaukar mutum uku, ƙasa ba ta da wannan dokar. Ban yanke ba tukuna, kada ka soma tsara mini hanya.

Zan zauna a ɗakinka har su sallame ka. Na wanke labule, na zubar da dankalin da ya tsiro. Wurinka yana nan a hagu, babu mai taɓa shi, saboda haka kada ka yi sauri.

Na uku yana wurinsa. Ina jiran amsa.

Taisiya